Kafin Kwalta Ta Iso: Halin Mai Tafiya a Ƙasa Lokacin Aikin Hanya a Maraɗi

A Maraɗi, ranar da katafila ta shigo unguwa ranar murna ce. Mutane sun yi shekara da shekaru suna roƙon a yi musu hanya da magudanar ruwa, don haka babu wanda zai ga ana sauke kayan aiki ya ɓata rai. Sai dai tsakanin ranar da aka fara tona ƙasa da ranar da za a buɗe hanya akwai watanni, wani lokaci shekara ko fiye, kuma rayuwa ba ta tsayawa jiran ɗan kwangila. Yara za su tafi lakwal da makarantar allo, mata za su kai niƙa, ɗan garuwa zai turo kurarsa, za a yi haihuwa, za a yi rasuwa a ɗauki gawa zuwa maƙabarta. Kusan duk wannan zirga-zirgar da ƙafa ake yin ta. Amma idan ka dubi yadda ake gudanar da aikin, sai ka ga an tsara shi kamar unguwar kango ce, kamar mutanenta sun yi ƙaura sai ranar buɗe hanya za su dawo. Akwai dalilan da ke kawo haka, kuma mafi yawansu ana iya gyara su da kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin aikin kansa.

Sai an fahimci abin da layi yake a garin nan kafin a gane girman lamarin. Maraɗin farko, wadda Katsinawa suka kafa a farkon ƙarni na 19 bayan jihadi ya raba sarakunansu da birnin Katsina, a cikin kwarin gulbi take. Ambaliyar 1945 ta rushe ta, hukumar Faransa ta wancan zamani ta hau da gari kan tudu, ta yanka filaye da layuka miƙaƙƙu masu faɗi. Mafi yawan layukan nan rairayi ne, kuma rairayin yana yi wa jama'a wani aiki da ba a cika lura da shi ba, wato hana gudu. Mai babur da ya shiga rairayi dole ya sassauta, mai mota ma haka. Shi ya sa layi ya zama wurin zama. Nan samari ke shimfiɗa tabarmar fada su ɗora shayi, nan mai ƙosai ke kafa kaskonta da asuba, nan sahun Magariba ke fitowa idan masallacin ƙofar gida ya cika, nan ake kafa rumfar suna da ta zaman makoki. Yaro ɗan shekara uku yakan fita ƙofar gida shi kaɗai, uwarsa ba ta da fargaba, don ta san akwai idon maƙwabta kuma babu abin hawan da zai zo a guje. A takardar injiniya kuwa, layin nan fili ne kawai tsakanin katanga biyu, wanda za a share a zuba wa jar ƙasa.

Ga kuma yadda garin ke girma. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000 a birnin Maraɗi, kuma a lokacin yawan jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wanda ke nufin ninkuwa kafin shekara 20. A nan gida ke riga hanya zuwa. Ana raba filaye, mutum ya gina ɗaki biyu ya tare, maƙwabci ya biyo baya, sai unguwa ta cika kafin a kawo bututun ruwa, a kafa turakun wuta, a zo batun magudana da kwalta. Haka unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo suka bunƙasa, haka kuma sababbin unguwannin da ke bayansu ke tafiya yanzu. Ma'ana, duk wani babban aiki da za a yi a garin nan, a tsakiyar gidajen da ke cike da mutane za a yi shi. Ayyukan Maraɗi Kwalliya, da aka yi don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, sun taɓa manyan hanyoyi da wuraren taro, amma cikin unguwanni, inda jama'a suka fi yawa, nan ne aikin ya rage, kuma nan ne ya fi wuya.

Aikin hanya yana da jerinsa. Ana fara share ƙasa a kwashe rairayi, a tona ramin magudana a gefe ɗaya ko duka biyun, a ɗaura rodi a zuba kankare, sannan a zubo jar ƙasa a jiƙa a danne ta hawa-hawa, daga ƙarshe a shimfiɗa kwalta ko a jera tubalan siminti. Ramin magudanar nan shi ne ke fara raba mutum da ƙofar gidansa, domin daidai bakin zaure yake bi. Wanda ya kwana da hanya a ƙofarsa sai ya wayi gari da rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye, rodi a tsaitsaye a ciki. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: mai gida ya samo katako ɗaya ko tsohon ƙyaure ya gitta. Saurayi zai taka ya wuce bai ko duba ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa, ko mace mai tsohon ciki da goyo a baya, ko makaho da ya haddace layin nan da sandarsa tun shekara ashirin, ko gurgu mai keke? Ga waɗannan, katakon nan shi ne iyakar duniyarsu har a gama aiki. Da dare abin ya fi muni, musamman idan babu wuta. Matar da naƙuda ta kama da ƙarfe biyun dare, adaidaita ba zai iya isowa ƙofar gida ba, sai an riƙo ta an tsallaka rami an yi tafiya cikin tarin ƙasa kafin a kai bakin inda abin hawa ya tsaya. Motar 'yan kwana-kwana ma, in gobara ta tashi, a can za ta tsaya.

Ramin kansa yana da haɗarin da ya wuce faɗawa ciki. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, ba ta riƙe kanta, kuma ƙasa mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya nauyinta ya kai kusan tan ɗaya da rabi. Idan gefen rami ya zabtare a kan yaron da ya sauka ɗauko ƙwallo, ko a kan leburan da ke aiki a ciki, mintuna kaɗan ake da su. Shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce ramin da ya yi zurfi a tokare gefensa, kuma kada a tara ƙasar da aka tono daf da bakinsa. A layukanmu kuwa daidai bakin ramin ake tara ta, yara kuma su mayar da tarin wurin wasan zamiya.

Amma a ganina haɗarin da ya fi girma ba a kan hanyar da ake aiki yake ba. Yana kan layukan da ke bayanta. Da zarar an toshe babbar hanya, duk abin hawan da ke bin ta sai ya nemi mafita, kuma mafitar ita ce layin nan na rairayi inda yaro ɗan shekara uku ke wasa. Cikin kwana biyu layin da babur goma ke bi a awa ya koma ɗaukar ɗaruruwa, da adaidaita, da amalanke, da manyan motocin ɗaukar yashi. Tayoyi su danne rairayin ya yi tauri, gudu ya samu. Mazauna layin ba a gaya musu komai ba, ba su canza ɗabi'arsu ba, don ba a layinsu ake aiki ba. Direban da ya shigo shi ma bai san layin ba, bai san akwai makarantar allo a kwana ta gaba ba, kuma yana cikin haushin zagayen da aka sa shi. Haɗuwar waɗannan biyun ita ke kawo hatsari.

Lissafin gudu a bayyane yake. Abin hawan da ke tafiya kilomita 30 a awa yana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai kilomita 50 kuwa kusan mita 14. Direba yakan ɗauki daƙiƙa guda ko fiye tsakanin ganin yaro da taka birki, don haka mai gudun 50 ya riga ya shafe mita 14 kafin birkin ya fara aiki. Ƙarfin bugun kuma ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, ya fi shi sauri: bugun 50 ya kusa ninka na 30 sau uku. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da ababen hawa ke cuɗanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Garin da mafi yawan mutanensa matasa ne da yara, kuma ƙafa da babur su ne abin hawansu, ya kamata ya ɗauki alƙaluman nan a matsayin labarin gidansa.

Babbar mota tana da nata matsalar daban. Direban tifa yana zaune a sama, akwai wurare a gabansa da gefensa da bayansa da ba ya gani ko da madubinsa lafiya lau ne, kuma yaro gajere ne. Ja da baya shi ne lokacin da ya fi haɗari, ga shi a wurin aiki kullum cikin ja da baya ake don juye yashi ko tsakuwa. Maganin wannan mutum ɗaya ne a ƙasa da tuta a hannu, yana kallon bayan motar yana ba direba alama. Albashin lebura guda. Game da 'yan kabu-kabu, ba na cikin masu ɗora musu laifin komai. Ɗan kabu-kabu da yawan lodi yake ci, kuma idan babur ɗin ba nasa ba ne akwai kuɗin da zai kai wa mai shi kowace yamma. Zagayen da aka ƙara masa man fetur ne da lokaci, fasinja kuma ba zai ƙara ko dala ba, sai ya nemi fanshewa da gudu. Shi ma yana cikin masu faɗawa ramin da ba a sa wa alama ba. Wa'azi kaɗai ba zai rage masa gudu ba, sai hanyar da kanta ta tilasta masa.

To me ya sa ba a yin waɗannan ƙananan abubuwa? Amsar tana cikin yadda ake biyan kwangila. Ɗan kwangila ana biyansa ne bisa abin da aka auna: mita nawa na magudana ya gina, jar ƙasa nawa ya zuba, faɗin kwalta nawa ya shimfiɗa. Shinge, alluna, fitilar dare, gadar wucin gadi, tankar yayyafa ruwa, mai tuta, duk waɗannan sau da yawa ana dunƙule su cikin kuɗin kafa wurin aiki, jimla ɗaya. Kome ya kashe a kansu daga ribarsa yake fita, abin da bai kashe ba kuma babu ma'aunin da zai nuna giɓin. Ga shi kwangila takan faɗa hannun wanda ya yi tayi mafi arha, wanda tun farko ya matse lissafinsa. Injiniyoyin da aka ɗauka sa ido suna gwada ƙarfin kankare da yadda ƙasa ta dannu, domin a kan wannan za a tuhume su in hanya ta lalace. Ba kasafai ake tuhumar kowa don tsohuwa ta karye a katako ba. Iyalinta za su ce tsautsayi ne, su kai ta wurin mai ɗori.

Ba dokoki ne babu ba. Nijar tana da dokar 2018 kan nazarin tasirin ayyuka ga muhalli da jama'a, akwai ofishin BNEE da ke duba irin wannan nazari, kuma babban aiki yakan zo da kundin da ya fayyace yadda za a kare mazauna wurin. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗinsu, irin shirin PIDUREM na inganta birane da kare su daga ambaliya da aka amince da shi a 2022, suna ƙarƙashin ƙa'idojin da suka wajabta kula da lafiyar jama'ar da ke kusa da aiki, da tsara zirga-zirga, da buɗe hanyar kai ƙorafi. Matsalar ita ce kundin da Faransanci yake, a ofis yake, kuma mutanen da aka rubuta shi dominsu ba su san da shi ba. Wanda bai san gadar wucin gadi haƙƙinsa ce da aka riga aka biya kuɗinta ba, roƙo zai je yi, in an yi masa ya yi godiya, in an hana shi ya ce aiki ne, sai haƙuri.

Jinkiri shi ke mayar da wahalar wata biyu ta zama ta shekara. Kuɗi ya makale, ɗan kwangila ya kwashe injinansa ya kai wani wuri, ramin kuwa ba a kwashe shi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an ga yadda rufe iyakoki da dakatar da kuɗin masu ba da tallafi suka shafi komai, har wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, kuma gari irin Maraɗi da ke rayuwa da hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya ji abin a jikinsa. Kwalta daga waje ake kawo ta, kayan gyaran injina ma haka. Irin wannan tsaiko ba koyaushe yake hannun ɗan kwangila ba, na yarda. Abin da ke hannunsa shi ne tsawon ramin da ya buɗe. Wanda ya tona kilomita biyu a tashi ɗaya don aikin ya yi kama da ya yi nisa, in kuɗi ya tsaya ya bar wa unguwa kilomita biyu na haɗari. Wanda ke tona mita ɗari, ya gina, ya rufe, sannan ya matsa gaba, ko aikin ya tsaya ɓarnar kaɗan ce. Wannan sharaɗi ne da mai ba da kwangila zai iya rubutawa tun ranar sa hannu. Tun ran gini ran zane.

Akwai kuma abin da ke binne a ƙasa. Bututun ruwan pampo da wayoyin sadarwa ba kullum ake da taswirar inda suke ba, bakin katafila ke gano su. Bututu ya fashe, layi ya yi kwana da kwanaki babu ruwa, 'yan garuwa su ƙara kuɗi don tura kura cikin tarin ƙasa ya ƙara wuya, gidan da ba shi da halin saye ya aiki yara da jarka zuwa wata unguwa. Yaran nan su ne za su tsallaka ramin da kaya a ka, su ratsa layin da motoci suka koma bi. Haka matsalar ruwa ke komawa matsalar hanya.

Damina ce alƙalin duk aikin da aka bari a buɗe. Ruwan Maraɗi na shekara bai wuce milimita 500 da wani abu ba, amma cikin wata huɗu yake sauka, kuma wani lokaci babban kaso na zuba cikin awa ɗaya ko biyu. Garin a kan tudu yake yana gangarawa gulbi, don haka duk ruwan da ya sauka a sama sai ya nemi hanyar ƙasa da ƙarfi. Ranar 30 ga Agusta 2024 ruwan da aka tafka ya kashe aƙalla mutum 15 a cikin birnin, a shekarar da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makarantu a duk ƙasar zuwa 28 ga Oktoba. Wannan ya isa nuna cewa magudanan nan buƙata ce ta rai da mutuwa, kuma ba na so a fahimci maganata a matsayin suka ga yin su. Amma magudanar da aka gina rabi ta fi rashinta haɗari. Tana tattara ruwan layuka da yawa wuri ɗaya, ta kawo shi inda ginin ya tsaya, ta sake shi cikin gidajen mutane ko ta fara cin ƙasa har kwazazzabo ya buɗe. Shi ya sa ake fara ginin magudana daga ƙasa, inda ruwan zai fita, a hauro sama. Ramin da ya cika da jan ruwa kuma ba a bambanta shi da hanya, babba ma yakan zurma, balle yaro, wanda ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. Bayan ruwan ya ɗauke, abin da ya kwanta a rami cikin zafin nan yakan ƙyanƙyashe sauro cikin kwana goma ko ƙasa da haka, daidai lokacin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi. Kududdufan da ake bari a bayan gari, inda aka ɗebi yashi da jar ƙasa, su ma suna cika, yara su tafi wanka.

Da rani ƙura ce. Jar ƙasar da aka zuba ba a jiƙa ba, kowace mota ta wuce sai ta tashe ta, ta haɗu da hazon hunturu. Masu asma da tsofaffi da jarirai su ke fara ji, kuma muna cikin yankin da sanƙarau ke tashi lokacin bushewa da ƙura. Mai tuwo-tuwo da mai tsire su rasa masu saye, mai shago ya wuni yana kaɗe kaya. Ƙurar tana kuma rufe wa direba ido daidai lokacin da yara ke tashi daga makaranta.

Kada mu ɗora komai a kan gwamnati da 'yan kwangila, domin ginin da ya fi yawa a Maraɗi namu ne. Duk wanda zai yi gini, a layi yake sauke yashinsa da tsakuwarsa, a layi ake buga masa bulo a shanya, a layi ake kwaɓa siminti. Tunda da kaɗan-kaɗan ake gini, gwargwadon abin da ya samu, tarin yashin yakan shekara a wurin. Ramin shadda ma a waje ake tona shi, jikin katanga, a bar shi buɗe ko a rufa masa tsohon kwano har a samu kuɗin zuba kankare. Mai tafiya a ƙasa da ya iso tarin yashi dole ya sauka tsakiyar layi, inda babura suke. Maƙwabta suna gani, suna jin zafin abin, amma kunya ta hana magana. Wa zai tari dattijon da ya girme shi ya ce, Alhaji, don Allah a ɗan ja yashin nan ciki? Wannan maganar a bakin mai unguwa da liman ta fi sauƙi, kuma in ta zama ƙa'idar kowa da kowa, babu wanda zai ji an ci fuskarsa.

Abin da mutane ba su cika tsammani ba shi ne haɗarin ba ya ƙarewa ranar buɗe hanya. Rairayin da ke hana gudu ya tafi, layukan 1945 kuma miƙaƙƙu ne, ga kwalta sumul. Mai fada da mai ƙosai da sahun Magariba suna nan inda suke, domin ba su da wani wurin. Idan ba a yi wa mai tafiya a ƙasa gefensa mai tudu ba, ba a sa tudun rage gudu a gaban makarantu da masallatai da kasuwa ba, ba a kafa fitilu ba, to an kawo gudun babbar hanya tsakiyar gidaje. Daga nan sai a buge yaro, samari su fusata su jera bulo ko su gina nasu tudun cikin dare, mai tsayi da kaifi, babu fenti, wanda shi kuma zai kayar da mai babur. Marufin magudana ma abin dubawa ne, domin a wurare da yawa shi ne hanyar ƙafa. In an bar giɓi, ko marufi ɗaya ya karye ba a sauya ba, tarko ne, kuma nan shara za ta taru ta toshe ruwa. Wani abin kuma, sabuwar hanya takan fi daɓen tsofaffin gidaje tudu, sai ruwan da a da ke fita daga gida zuwa layi ya juya yana shiga zaure. Gidan ƙasa ba ya jure wannan.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomi ke riƙe da birni da gundumominsa uku, don haka babu kansilan unguwa da za a tara a gida a gaya wa. Wannan ya ƙara wa masu unguwanni nauyi, su da ke ƙarƙashin fadar Sarkin Katsinar Maraɗi kuma suka san kowane gida. Kafin a fara tono ya kamata a zauna da su, da limamai, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin mata da na 'yan kabu-kabu, a nuna musu layin da motoci za su koma bi, su kuma su faɗi inda yara suke tsallakawa da gidan da ke da mara lafiya. Su suka san wannan, injiniyan da ya zo daga Yamai bai sani ba. A tsayar da manyan motoci lokacin shiga da tashin makaranta. A rubuta allon aiki da Hausa, boko da ajami, da ranar farawa da ta gamawa da lambar da za a kira, a maimaita a gidajen rediyon gari, domin nan ne labari ke isa tsakar gida. Samarin fada da ke zaune a layin, su ne suka fi dacewa a ɗauka aikin riƙe tuta da gadin rami da dare. Mafi muhimmanci a wurina, a fitar da kuɗin kariyar jama'a daga cikin dunƙulen nan na kuɗin kafa wurin aiki, a jera kowane abu da farashinsa, gada nawa, shinge mita nawa, tankar ruwa sau nawa a rana, a biya shi bayan an gani da ido kamar yadda ake biyan kankare.

Akwai dama ɗaya da mazauna unguwa ba su cika sanin suna da ita ba. Idan an gama aiki, karɓar farko ta wucin gadi ce. A bisa al'adar kwangilolin gwamnati ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, yawanci kashi 5 cikin ɗari, har tsawon lokacin garanti, wanda galibi shekara guda ne, kuma duk abin da ya ɓaci a cikinta shi zai gyara kafin a sakar masa kuɗin. Shekarar nan ta ƙunshi damina ɗaya cikakkiya. Marufin da ya karye, ramin da ba a cike ba, tarin ƙasar da aka bari a kwana, gidan da ruwa ya fara shiga, duk a wannan lokacin ya kamata mai unguwa ya tattara su a rubuce ya kai ma'aikatar magajin gari. Kwamitin karɓar aiki kuma, maimakon ya ratsa hanyar cikin mota, ya sauka ya taka ta da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe tare da mutanen layin, kuma ya dawo sau ɗaya bayan Isha'i ya ga yadda take da dare kafin ya sa hannu.